Yanko Daga Jikin Uwa: Jagorar Dashe da Auren Itatuwa ga Manoman Jos

Shekara 6 na yi ina ban ruwa ga wani mangwaro a bayan ɗakina a nan Jos. Ƙwallonsa na ajiye daga wani mangwaro da aka kawo mana tsaraba, mai zaƙi kamar zuma, babu zare ko ɗaya. Na binne shi da hannuna, na kare shi daga awaki da ƙaya da tsohon kwando. Da ya yi 'ya'yan fari sai ga su ƙanana, zare fal, ga tsami. Na kai kukana wajen wani dattijo da ke lambu a bakin rafin Dilimi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, albasa ce ba ta yi halin ruwa ba. Ƙwallo yana da uba, kai kuwa uwar kaɗai ka sani. In uwar kake so, sai ka yanko daga jikinta."

Na ce, "Baba, yaya ake yankowa?" Abin da na koya tun daga ranar, a wajensa da wajen wasu manoma da kuma a gonata, shi ne zan shimfiɗa a nan.

Maganar dattijon daidai take da abin da masana tsirrai ke faɗa. Ƙwayar iri ba ta samuwa sai garin fure ya haɗu da macen fure, kuma sau da yawa ƙuda ko ƙudan zuma ko iska ne ke ɗauko garin daga wata bishiyar da ba ka taɓa gani ba. Abin da zai fito ruwa biyu ne, yana iya fin uwar, yana iya kasa ta. Amma reshe, ko idon reshe inda toho ke fitowa, ko dankali, ko ɗan da ya tsiro a gindi, ba su da uba. Duk abin da ya fito daga gare su uwar ce ta sake tsayuwa a wani wuri, zaƙinta, girmanta, lokacin nunarta, komai. Fiyar nan mai baƙin ɓawo da ake kira Hass, wadda yanzu ake nema ruwa a jallo a kasuwannin duniya, asalinta bishiya guda ce a gidan wani ma'aikacin gidan waya mai suna Rudolph Hass a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya yi mata rajista a 1935, uwar ta mutu a 2002, amma miliyoyin bishiyoyin Hass da ke duniya yau duk jikinta ne aka yi ta yanka ana aurawa, wato ana haɗa reshen a kan gindin wata fiyar.

Mu Hausawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Wa ya taɓa ganin an shuka ƙwayar rake, ko ta rogo, ko ta ayaba? Shingen dashi da na bini-da-zugu sanda ake kafawa ta kama. Shingen ƙerana da ke kewaye da tsofaffin gidaje da gonaki a ƙauyukan Filato haka aka yi shi. Mai dabino ya san in ya shuka ƙwallo kusan rabin abin da zai fito maza ne da ba sa haihuwa, shi ya sa yake ɓamɓaro 'ya'yan gindin macen da ya yarda da ita.

Zaɓen uwa

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mafi yawanmu muke gaggawa. Tunda ɗan da aka yanko uwar ce da kanta, to cutarta ma ya ɗauko. Ƙwayar iri takan tace cututtuka da yawa, ba su ratsa ta su kai ga sabon tsiro. Reshe da dankali ba sa tace komai. In uwa tana da bairos, wato ƙwayar cutar da ido ba ya gani, duk abin da ka yanko daga jikinta yana da shi, ko da a ido lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma hatsari na biyu. Gonar da aka cika da jikin uwa ɗaya, cutar da ta iya kayar da tsiro guda ta iya kayar da duka. A ƙasar Ailan talakawa sun dogara ga dankalin turawa, yawanci iri ɗaya, sai cutar ƙunar ganye ta shiga a 1845. Yunwar da ta biyo baya ta kashe mutane kimanin miliyan 1, wasu masu yawa suka yi hijira. Ba sai mun je nesa ba ma. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna, maƙwabtanmu, ta cinye gonaki, kuma da yake cittar da aka haƙa ita ce irin baɗi, asarar ba ta tsaya a shekara ɗaya ba. Wannan cutar ƙunar ganye da ta addabi Ailan ita ce dai manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ke fama da ita duk marka.

Saboda haka kafin ka ɗauki wuƙa, ka san uwar. Ka gan ta da 'ya'ya, ka ɗanɗana, in da hali shekara 2 a jere. Ka duba ganyenta: ba ya murɗewa, ba shi da rodi-rodin ɗorawa, ba ya ƙanƙancewa. Ka duba jikinta ba ya zubar da ƙaro mai wari. Bishiyar maƙwabcinka da ka daɗe kana shan 'ya'yanta ta fi wadda aka nuna maka hotonta a waya. Kuma kada ka cika gona da iri ɗaya tak, ka haɗa biyu ko uku.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi sosai ko sabuwar reza, almakashin yanka reshe, leda mai laushi da za ka yayyanka siri-siri, ledojin raino, da ƙasar da aka haɗa. Ni nakan haɗa kashi 2 na ƙasar sama, kashi 1 na yashin rafi, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki da ya huce. Abu ɗaya da ba na wasa da shi shi ne wanke wuƙa. Kashi 1 na ruwan Hypo cikin kashi 9 na ruwa, ko sifirit, ka tsoma wuƙar duk lokacin da za ka bar wannan tsiro ka koma wancan. Wuƙar manomi ma tana yaɗa cuta kamar ƙwaro.

Dankalin turawa

Da shi zan daɗe, don shi ne arzikin wannan tudu. Jos tana bisa kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, sanyin nan ne ya sa mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Najeriya daga Filato yake fitowa. Muna noma shi sau biyu, na damina da ake shukawa wajen Afrilu zuwa Mayu, da na rani da ake ba ruwa daga rafuka da kududdufan da haƙar kuza ta bari.

Kuskuren da ya fi ci mana riba shi ne wannan: a haƙe dankali, a kai manya kasuwa, a tattara ƙananan da suka rage a ce su ne iri. To ai tsiron da bairos ya kama shi ne ya fi haifar ƙanana. Kowace shekara kenan muna zaɓo marasa lafiya da hannunmu muna mayar da su gona, sannan mu ce ƙasa ta gaji.

Gyaran yana farawa ne tun dankali yana tsaye. Bayan mako 5 zuwa 6 da shuka, kafin ganye ya rufe kunya, ka shiga gona da safe da ƙananan sanduna. Duk tsiron da ka ga ya fi 'yan'uwansa ƙarfi, ganyensa shimfiɗaɗɗe kore shar, karansa kauri, ka kafa masa sanda. Bayan mako 2 ka sake zagayawa, wanda ya canza hali ka cire sandarsa. Wanda ka ga ya yi yaushi da rana tsaka alhali ƙasa da danshi, ka yi masa gwaji: yanki karan daga ƙasa, rataya shi cikin kofin gilashi mai ruwa mai tsabta, ka jira 'yan mintoci ba tare da motsa kofin ba. In ka ga wani farin abu kamar zaren madara yana sauka daga bakin yankan, cutar yaushi ce. Tuge shi da dankalinsa da ƙasar gindinsa, ka zuba a buhu ka fitar daga gona, kuma kada ka ɗauki iri daga tsirran da ke kewaye da shi ko da sun yi kyau.

Saura mako 2 a haƙa, ka yanke ganyen duka. Wannan yana sa fatar dankalin ta yi ƙwari, kuma yana rage saukar cutar ƙuna daga ganye zuwa dankali. Ranar haƙa, masu sanda ake fara haƙewa, kowane gindi a ajiye nasa daban a kan kunya. Gindin da ya ba da kaɗan, ko masu karkatacciyar siffa, ko masu tsagewa, a kai su tukunya. Daga gindin da ya cika sharaɗi ne za ka ɗebi masu girman ƙwan kaza.

Ajiyar iri daban take da ajiyar na ci. Na ci duhu yake so. Iri kuwa haske yake so, amma ba rana kai tsaye ba. Ka yi katanga-katanga na katako ko gora a ɗaki mai iska, ka baza dankalin kada ya wuce hawa 2 ko 3. Zai yi barcinsa na wata 2 zuwa 3 gwargwadon irinsa, sannan ya fara toho. A cikin haske tohon gajere ne, kakkaura, kore ko shunayya. A cikin buhu a duhu kuwa fari ne dogo, da an taɓa ya karye. In ka ga toho ɗaya tak ya fito a kan dankali ya hana saura, ka ɓalle shi, sauran idanun za su farka. Dankali mai toho 3 ko 4 shi ke ba da kara da yawa. Wannan dankalin da ya yi kore a haske na shuka ne kawai, kada a dafa shi, akwai guba a koren.

Wajen shuka, tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin dankali da dankali santimita 30, zurfi kamar santimita 10, toho yana kallon sama. A wannan tazara hekta ɗaya takan ci kusan tan 2 na iri. Na san akwai masu raba babban dankali biyu don iri ya auku. Ni ba na ba da wannan shawarar, balle da damina, don dankali ɗaya mai cutar yaushi ya isa ya shafa wa ɗari ta bakin wuƙa. Idan tsiro ya kai ɗani ɗaya ka tara masa ƙasa a gindi, ka sake bayan mako 2 ko 3, don 'ya'yan su samu wurin kwanciya kada rana ta taɓa su.

Ka shuka da wuri don dankali ya yi nauyi kafin markar Yuli da Agusta, lokacin da hazo da yayyafi ke kawo ƙunar ganye. Alamarta baƙin tabo kamar an zuba ruwan zafi, da farin gashi-gashi a bayan ganye da sassafe. Feshin rigakafi irin na mankozeb kafin ta shigo yake aiki, in ta riga ta ci gona ba ya mayar da abin da ya ƙone. Gonar da ta kamu sosai kada a ɗauki iri a cikinta. Sannan kada dankali ya bi dankali a fili ɗaya, kada kuma ya bi tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta, duk dangi ne, cutarsu ɗaya. A sa masara ko acca a tsakani, shekara 3 in fili ya isa.

Duk iya zaɓenka, darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, tana ɗauko bairos daga gonar maƙwabci, iri kuma yana raguwa a hankali. Bayan shuka 3 ko 4 ya kamata a sabunta. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Umudike, tana da reshen dankalin turawa a Kuru, kusa da mu. A irin waɗannan wurare ne ake ɗaukar ɗan mitsitsin kan toho a raine shi cikin kwalba a ɗakin gwaji, a fitar da tsiro marar cuta. Can ya kamata mutum ya fara tambaya kafin ya sayi buhun da bai san asalinsa ba a kasuwar Farin Gada, ko irin dankalin da ake kira Nicola yake nema ko Marabel.

Masu kamawa daga kara

Waɗannan ba su da wahala. Rogo: ka zaɓi karan da ya kai wata 8 zuwa 18, ka bar kan mai taushi da gindin da ya tsufa, ka yi amfani da tsakiya. Yanka santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa 5 zuwa 7. Soka shi a karkace, kashi biyu cikin uku a ƙasa, idanu suna kallon sama. Wanda ya kifa shi zai ga ya tsiro amma bai yi abin kirki ba. Mita 1 ta kowane gefe, wato gindi 10,000 a hekta. Rogon da ganyensa ya murɗe ya yi rodi-rodi kada ka karɓi karansa ko kyauta ne.

Dankalin Hausa kan yaɗonsa ake yanka, santimita 25 zuwa 30, don kan ya fi tsohon gindi tsabta daga ƙwari. Rake gunduwa mai ido 2 ko 3, a kwantar a rufe. Zogale sanda mai tsawon mita 1, kashi ɗaya cikin uku a ƙasa, sai dai wanda aka kafa daga sanda saiwarsa ba ta nitsewa kamar ta wanda aka shuka daga ƙwaya, iska takan kayar da shi. Ƙerana da sauran masu farin ƙaro a bar yankan ya bushe kwana 3 ko 4 a inuwa kafin a kafa, kuma a kiyaye ido, ruwan ƙerana mugu ne.

Masu haihuwa a gindi

Ayaba tana fitar da 'ya'ya iri biyu, kuma wanda ya fi kyau a ido shi ne marar amfani. Mai faffaɗan ganye tun yana ƙarami gindinsa siriri ne, ba shi da abinci a ciki. Wanda ake so shi ne mai siririn ganye kamar takobi, mai ƙaton gindi. Ka raba shi da uwa da kaifin magirbi, ka fere gindin kamar yadda ake fere doya har sai ya yi fari tas, babu saiwa, babu baƙin rami. In ramin ƙwaro ya yi zurfi ka yar da shi. Sannan ka tsoma gindin cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30, kada ya wuce, don kashe ƙwai da ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani. Rami santimita 60 ta kowane gefe, a cika da ƙasar sama da taki.

Sitiroberi, wanda manoman Chaha da kewayen Vom suka sa Jos ta yi suna da shi, yana miƙa wani siririn hannu a kan ƙasa, a ƙarshensa ɗan tsiro. Ka cika ƙaramar leda da ƙasa, ka ɗora ɗan a kai, ka danne hannun da lanƙwasasshiyar waya ko tsinke. Bayan mako 3 zuwa 4 in ka ja shi a hankali ka ji ya riƙe, sai ka yanke cibiyar. Na farko da na biyu a kan hannu su ne masu ƙarfi. Uwar da ka ware don 'ya'yan dashe ka riƙa cire mata fure.

Sa reshe ya yi saiwa yana kan uwarsa

Wannan dabara ita na fi so in koya wa mai farawa, don reshen yana ci gaba da shan ruwan uwarsa har ya tsaya da ƙafarsa. Gwaiba ta fi komai karɓarta, lemon tsami da rumman ma suna yi.

Da farkon damina ka zaɓi reshe mai kaurin yatsa, wanda ya fara yin ruwan ƙasa. Ka auno kamu ɗaya daga kansa. A ƙarƙashin wata gaɓa ka zagaye ɓawon da wuƙa sau biyu, tsakaninsu santimita 2 zuwa 3, ka ɓare zoben. Za ka ga wani abu mai santsi a kan itacen. Ka kankare shi sosai, in ka bar shi ɓawon zai sake haɗewa, saiwa ba za ta fito ba. Dalilin aikin shi ne ruwa yana hawa ta cikin itace, abincin da ganye ya dafa kuma yana sauka ta ɓawo. Ka datse hanyar saukar, sai abincin ya taru a saman yankan, daga nan saiwa ke ɓullowa.

Ka ɗebi tsohuwar dusar katako da aka jiƙa, ko ita da ƙasa mai laushi, ka matse a hannu har ruwa ya daina ɗiga. Dunƙula ta a kan yankan kamar girman lemo, naɗe da farar leda, ɗaure sama da ƙasa tam, ka rufe da baƙar leda ko takarda saboda rana. Bayan mako 6 zuwa 10 ka leƙa. In saiwoyi sun cika har sun fara sauya launi daga fari, ka yanke reshen a ƙasan ƙullin, ka rage rabin ganyensa, ka kwance ledar a hankali ba tare da fasa dunƙulen ba, ka sa a ledar raino. Mako 4 a inuwa kafin ya ga gona.

Aure

Mangwaro da fiya ba sa son yin saiwa daga reshe, sai aure. Ana haɗa biyu ne: gindi, wanda aka shuka daga ƙwallo don saiwarsa mai ƙarfi, da kai, wanda aka yanko daga uwar da ake so. Dangi ake aura wa dangi. Mangwaro da mangwaro, fiya da fiya, lemon zaƙi a kan wani lemon. Mangwaro ba ya kama gwaiba, duk wanda ya ce maka ya yi, ka ce ya kai ka ka gani.

Gindi tukuna. Ƙwallon mangwaron gargajiya mai zare, wanda ya saba da ƙasarmu, shi ya fi. Ka fasa ƙoƙon a hankali ka ciro ƙwayar, ka kwantar da ita a leda doronta yana sama. Ƙwallon fiya kuwa ba ya jira, da an cire shi a shuka, faffaɗan gefen a ƙasa, tsinin a waje kaɗan. Idan karan ya kai kaurin fensir, yawanci wata 6 zuwa shekara, ya isa aure.

Lokaci yana da muhimmanci a Jos. Tsakiyar hunturu sanyi da busasshiyar iska suna kashe kai kafin ya kama. Tsakiyar marka kuma ruwa yana shiga ya ruɓar da haɗin. Na fi samun sa'a daga Maris zuwa Mayu, sai kuma Satumba zuwa Oktoba.

Kwana 7 zuwa 10 kafin ranar, ka je wajen uwar ka zaɓi ƙarshen reshen da ya ƙosa, ba sabon toho mai ja ba, kaurinsa daidai da na gindinka. Ka yanke ganyensa da almakashi ka bar guntayen hannuwan. Kafin ka dawo za su zube da kansu, idon kan reshen ya kumbura. Ranar aure da sassafe ka yanko shi, tsawon santimita 10 zuwa 12, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. A yi aikin a ranar.

Ka zauna a inuwa. Yanke kan gindin a tsawon santimita 20 zuwa 25 daga ƙasa, ka bar masa ganyen da ke ƙasan yankan. Tsaga shi ta tsakiya, zurfin santimita 3 zuwa 4. Ɗauki kan ka fiƙe ƙasansa ta gefe biyu kamar bakin gatari, tsawon fiƙar daidai da zurfin tsagar. Kowane gefe da jan wuƙa ɗaya, sumul, kada ka yi ta sassaƙa, kada kuma yatsanka ya taɓa wurin. Soka shi cikin tsagar.

Ga asirin duka. Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn kore-koren nama, shi ne mai rai, shi ke haɗe biyun. Dole na kai ya taɓa na gindi. In kaurinsu ɗaya ne, gefe biyu za su dace. In kai ya fi siranta, kada ka sa shi a tsakiya don ya yi kyau a ido, ka matso da shi gefe ɗaya ɓawo ya hau kan ɓawo. Yawancin auren da ya mutu a hannun masu koyo a nan ya mutu.

Naɗe da siririyar leda daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye yana hawa kan na baya, yadda ruwa ba zai shiga ba. Kifa wata farar leda a kan duka, ledar ruwan sha da aka wanke ta isa, ka ɗaure ta sako-sako a ƙasa. A ajiye a inuwa, a ba gindin ruwa kada a jiƙa kan. Cikin mako 2 zuwa 4 ido zai fashe. Da ganye ya fara taɓa ledar sai a cire ta da yamma. Ɗaurin haɗin kuwa a bar shi wata 2 zuwa 3, a kwance kafin ya shaƙe kara. Duk tohon da ya fito a ƙasan haɗin na gindi ne, ka ɓalle shi da ka gan shi, in ba haka ba zai ƙwace abinci, kan ya bushe, ka koma kan mai zare ba ka sani ba.

Kada ranka ya ɓaci in 3 kawai suka kama cikin 10 na farko. Ka samo rassan banza ka yi ta gwada fiƙa har hannunka ya faɗa.

Lemo ido ɗaya ake aura masa. A jikin gindi, santimita 20 daga ƙasa, ka ja wuƙa a tsaye ka gitta ta a sama, ka ɗaga leɓɓan ɓawon. Ka feffeto ido ɗaya da ɗan ɓawonsa daga reshen uwa, ka zura shi ciki yana kallon sama, ka naɗe. Bayan mako 3 ka kwance. Kore ne, ya kama, sai ka yanke gindin a ɗan saman idon don ya tashi. Baƙi ne, ka sake a ɗaya gefen. Sai lokacin da ɓawo ke ɓaruwa cikin sauƙi ake yi, wato in itacen yana shan ruwa yana girma.

Ranar kai ɗan aure gona, haɗin ya zauna sama da ƙasa da aƙalla ɗani ɗaya, kada a binne shi. Mangwaro mita 8 zuwa 10 tsakani. A kafa masa sanda saboda iskar farkon damina, a sa ido kan gara. Zai iya yin fure tun a shekarar farko, kuma na san da wuya mutum ya tsinke, amma a tsinke har shekara 2 don ya yi jiki. A shekara ta 3 ko ta 4 za a fara sha, maimakon 6 ko fiye na ɗan ƙwallo.

In kuwa saye za ka yi a bakin hanya, ka tsuguna ka nemi tabon haɗin da idonka, ka tambayi mai sayarwa inda uwar take. Mai gaskiya zai faɗa maka, wani ma ya kai ka.

Mangwaron nan nawa ban sare shi ba. Dattijon ya ce saiwar shekara 6 ba abin yarwa ba ce. A watan Maris muka yanke manyan rassansa a tsawon ƙirji, muka bar guda ɗaya ya ci gaba da ciyar da gindin, muka shafa wa kututturen farar ƙasa saboda rana. Da damina ta sauka toho ya fito da yawa, na zaɓi 6 masu ƙarfi na ɓalle saura. A Satumba da suka kai kaurin fensir na aura wa uku irin mangwaron da ake kira Julie, uku kuma wani marar zare daga gidan wata gwaggota a Naraguta, wanda na sha tun ina yaro. Huɗu suka kama. Da suka yi ƙarfi na sare reshen da muka bari. A shekara ta 3 bishiyar ta ba da iri biyu, ɓangaren gabas yana riga na yamma nuna da kusan mako 3, kuma daga jikinta nake yanko kan da nake aurawa yanzu.